Yadda ake kula da ciwon gwiwar hannu ga yara masu wasannin jifa

Duk wanda ya saba tsayawa a gefen fili da yammacin Laraba, lokacin da ɗaliban Maraɗi ke fitowa atisayen ƙwallon hannu, ya san wannan alama ko da bai taɓa raɗa mata suna ba. Yaro zai yi tsalle ya saki ƙwallo da ƙarfi, kafin ya koma wurinsa sai ya yarfe hannu sau biyu, sannan ya kai ɗaya hannun ya dafe gwiwar hannunsa ta ɓangaren da ke kallon jiki. Na ga haka ga wani yaro ɗan shekara 13 da nake horarwa, wanda ya fi kowa ƙarfin jifa a ƙungiyarmu, kuma saboda ƙarfin nan ne nake ba shi duk wani bugun mita bakwai, wato fenaretin ƙwallon hannu, da duk wani harbi daga nesa. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, ba komai, gajiya ce kawai." Na yarda da maganarsa domin ina son in yarda, tun da muna da wasa a gabanmu. Bayan mako uku mahaifinsa ya kawo mini shi har gida, hannun ba ya miƙewa sosai, kuma ko butar alwala ba ya iya ɗagawa da shi ba tare da ya yamutsa fuska ba.

Abin da ya sa gwiwar yaro ta fi ta babba rauni

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: wanda ya sauko daga kafaɗa, da guda biyu da suka tafi zuwa wuyan hannu. Idan ka shafa gwiwarka ta ciki za ka ji wani ɗan tudun ƙashi. A jikin wannan tudu ne tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da yatsu suka kama, kuma a nan ne babbar jijiyar da ke ɗaure gwiwar ta ciki ta samo tushe. Ga baligi, tudun ya riga ya haɗe da sauran ƙashin ya zama abu guda. Ga yaro kuwa, akwai wani siririn guringuntsi tsakaninsa da uwar ƙashin, wato matsirar da ƙashin ke ƙara girma ta wurinta, kuma ba ta rufewa sai wajen shekara 14 zuwa 17, inda ƴan mata kan riga samari. Kafin lokacin, wannan guringuntsi ya fi jijiyar da ke jan sa rauni.

A duk jifan da ake yi ta saman kai, ko da ƙwallo ko da mashi ko da dutse, akwai lokacin da hannu ke can baya alhali ƙirji ya riga ya juyo gaba. A wannan ɗan taƙin ɓangaren gwiwa na ciki yana buɗewa kamar ana yage shi, ɓangaren waje kuma yana matsewa ƙashi a kan ƙashi, sannan idan hannun ya miƙe da sauri, ƙashin bayan gwiwa ya bugi gurbinsa. Jifa ɗaya ba ya komai. Idan aka tara ɗaruruwa a mako ba tare da hutu ba, matsirar ƙashin ta ciki takan kumbura, ta fara buɗewa, wani lokaci ma tudun ya ɓalle gaba ɗaya a jifa guda. An fi ganin wannan ga yara tsakanin shekara 9 da 14. A Amurka, inda yara ke wasan besbol, wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo da ƙarfi a buge ta da sanda, likitoci biyu, Brogdon da Crow, sun bayyana wannan ciwo a 1960, suka sa masa sunan gasar yara ta Little League. Mu ba mu wasan besbol, amma gwiwar ɗan Maraɗi da ke jefa ƙwallon hannu ko mashin gasar makarantu irin wannan janyewar take sha.

Mai tsaron gida a ƙwallon hannu yana da nasa ciwon dabam. Shi ba jifa ke cutar da shi ba, ƙwallon da ke dukan tafin hannunsa ne yayin da hannun yake miƙe, wanda ke tura gwiwar baya fiye da ƙima sau da yawa a kowane atisaye.

Mataki na farko: a dakatar da jifa, sannan a duba

Da zarar yaro ya yi kukan gwiwa, ko ka gan shi yana yarfe hannu, ko ka lura jifansa ya rage ƙarfi kuma ya daina samun inda ya nufa, ka fitar da shi daga jifa a ranar, ba bayan wasan ba. Kada ka tambaye shi a gaban abokansa, domin yaro zai gwammace ya ɓoye ciwo da a ce masa rago. Ka ja shi gefe ka yi masa tambayoyi huɗu: ina ne daidai yake ciwo, yaushe ya fara, a wane lokaci na jifan yake jin sa, kuma ya taɓa jin wani abu ya yi ƙara ko ya ɓalle a ciki?

Daga nan ka sa ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Ka danna tudun nan na ciki a hankali da babban yatsanka, ka kuma danna na ɗaya hannun domin ka kwatanta. Ka duba ɓangaren waje da bayan gwiwar su ma. Sai ka sa ya miƙe hannayensa biyu gaba, tafin hannu yana kallon sama, ka tsaya daga gefe ka duba ko sun miƙe daidai wa daida. Wannan gwaji shi ne ya fi kowane amfani a wurina, domin yaro yana iya ɓoye zafi amma ba ya iya ɓoye hannun da ya ƙi miƙewa. Ka sa ya lanƙwasa su ya taɓa kafaɗunsa, ya juya tafin hannu sama da ƙasa, ya matse yatsunka biyu da kowane hannu. Daga ƙarshe ka shafa ƙaramin yatsansa da na kusa da shi, ka tambaye shi ko yana ji kamar yadda yake ji a ɗaya hannun, domin jijiyar da ke kai ji ga waɗannan yatsu biyu tana bi ta bayan tudun nan ne, ita ce ma ke ba mutum zugi kamar lantarki idan ya buga gwiwa a jikin tebur.

Mataki na biyu: a san wanda za a kai asibiti ba tare da jira ba

Akwai yaran da hutu a gida ba zai wadatar musu ba. A kai yaro asibiti a ranar idan ya ji ƙara ko ɓallewa a lokacin jifa sannan hannun ya kumbura, ko idan siffar gwiwar ta sauya, ko idan yatsun nan biyu sun mutu ko sun yi rauni. Haka kuma idan gwiwar tana sarƙewa, wato ta tsaya cak a tsakiyar motsi kamar wani abu ya shiga tsakani, domin wannan kan nuna cewa wani guntun guringuntsi ko ƙashi ya ɓare yana yawo cikin gaɓar. Ciwon ɓangaren waje ga yaro ɗan shekara 11 zuwa 16 yana bukatar hoto ko da bai yi tsanani ba, saboda a nan ne matsewar ƙashi ke lalata fuskar gaɓa a ɓoye, kuma wannan lahani ya fi na ciki wuyar warkewa idan aka makara.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a ƙasar nan. Idan gwiwa ta yi zafi a taɓawa, ta kumbura, yaron kuma yana zazzaɓi, ko ciwon yana tashe shi da dare ko da bai yi wasa ba, kada a ɗora laifin a kan jifa. Ƙwayoyin cuta na iya shiga gaɓa ko ƙashi, kuma cikin ƴan kwanaki su yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Yaron da ke da amosanin jini, wato sikila, ya fi kowa shiga wannan haɗari, don haka a faɗa wa ma'aikacin lafiya tun daga farko idan akwai cutar a gidan.

Ana iya farawa daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, su kuma su tura yaron babban asibitin jiha inda ake ɗaukar hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo. Yana da kyau iyaye su san cewa likita na iya neman hoton gwiwoyin biyu, mai ciwo da mai lafiya. Ba neman ƙarin kuɗi ba ne: matsirar ƙashin yaro tana fitowa a hoto kamar tsaga, kuma sai an jera ta da ta ɗaya hannun ake gane ko ta buɗe fiye da ƙima. Idan tudun ya ɓalle amma bai gusa sosai ba, akan sa filasta na wasu makonni, idan kuwa ya gusa da nisa ko ya faɗa cikin gaɓar, sai an yi aiki an mayar da shi.

A nan dole in yi maganar ɗori, domin na san ƙafar yawancin iyaye can take fara nufa. Mahaifin yaron nan da kansa ya ce mini, "Malam, ni da na ce a kai shi wajen mai ɗori ya ja hannun ya murza." Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri a fara ganin hoto tukuna." Ina girmama masu ɗori, amma guringuntsin da ya riga ya fara rabuwa da ƙashi ba ya son ja ko murza, kuma ɗauri mai tsauri a kan gwiwar da ke kumbura yana iya tare jini har hannun ya lalace. Tsaga da ƙaho su ma ba sa kaiwa inda ciwon yake.

Mataki na uku: hutu na gaskiya

Idan babu ɗaya daga cikin waɗancan alamu, ko likita ya tabbatar cewa kumburin matsirar ƙashi ne kawai, maganin shi ne barin jifa kwata-kwata na mako huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye da haka. Wannan ne matakin da ya fi wuya, domin bayan kwana goma zafin yakan kwanta, yaro ya ce ya warke, mai horarwa ya so ya yarda. Zafin ne ya kwanta, guringuntsin bai gama haɗewa ba.

Kuma hutun ya haɗa da abin da ke faruwa a wajen fili. Yaron da aka hana ƙwallo amma yake jifan mangwaro da dutse a hanyar gida, ko yake korar tsuntsaye da hoge a gonar gero, bai huta ba. Jan guga a rijiya, ɗaukar jarkar ruwa da hannun da ke ciwo, da kokawa da abokai, duk suna jan tsokokin da suka kama a wannan tudu. Wannan aikin uwa ne fiye da na kowa, domin ita ce ke ganin yaron a gida, don haka a zauna da ita a yi mata bayani da kyau, a roƙe ta ta sauya masa aikin gida na ɗan lokaci.

A kwanakin farko ana sa ƙanƙara a wurin na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Ƙullin ƙanƙara na leda da ake saidawa a unguwa ya isa, amma a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan laima, kada ya taɓa fata kai tsaye. Idan zafin ya dame shi ana iya ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa kamar yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Ba a ba yaro asfirin. Kada kuma a ba shi maganin kashe zafi domin ya iya shiga wasa, kuma a nisanta shi da ƙwayoyin masu talla, musamman tiramol, wanda ke rufe zafin ya bar ɓarnar tana ci gaba, ga kuma haɗarin sabo da shi. Ba a rataye hannu a wuya na tsawon lokaci sai da umarnin likita, domin gwiwar hannu gaɓa ce mai saurin sandarewa. Kowace rana yaron ya riƙa lanƙwasa hannun yana miƙewa a hankali, iyakar inda ba ya jin zafi.

Bai kamata a kore shi daga fili ba. Ya zo ya yi gudu, ya yi aikin ƙafa, ya koyi tsayuwar tsaro, ya riƙe wa mai horarwa littafin lissafi. Yaron da aka bari a gida shi ne ke komawa jifa a ɓoye.

Mataki na huɗu: ƙarfafa jiki kafin a taɓa ƙwallo

Bayan mako biyu ko uku, idan danna wurin ba ya zafi sosai, sai a fara motsa tsokoki. Ba a bukatar kayan ɗakin motsa jiki. Gorar ruwa ta rabin lita nauyinta kusan rabin kilo ne: yaro ya ɗora hannu a cinya, tafin hannu sama, ya ɗaga gorar da wuyan hannu kaɗai ya sauke a hankali, sau 10 zuwa 15, ya huta, ya maimaita sau biyu, sannan ya kifa hannun ya sake. Ya riƙe ƙaramar guduma ko muciya a tsaye yana kwantar da ita dama da hagu. Tsohuwar robar cikin tayar keke, idan aka yanka ta aka ɗaure a jikin ƙofa, tana aikin kafaɗa: gwiwa manne da haƙarƙari, ya ja robar waje ya dawo a hankali. Sai jan ta baya da hannu biyu yana matse allunan kafaɗa. A haɗa da tsugunno da tashi, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da ƙarfafa ciki da ƙugu, saboda kusan rabin ƙarfin jifa daga ƙafafu da gangar jiki yake fitowa, kuma duk abin da suka gaza bayarwa gwiwa ce ke biya. Inda ake da likitan motsa gaɓoɓi, wanda muke kira kine, ya fi kyau shi ya tsara wannan aiki.

Mataki na biyar: komawa jifa daki-daki

Sharuɗɗa huɗu ne, kuma sai sun cika duka: wurin ba ya zafi idan an danna, hannun yana miƙewa da lanƙwasawa daidai da ɗan uwansa, ƙarfin damƙa ya dawo, kuma babu zafi a ayyukan yau da kullum. Idan likita ne ya ga yaron, a jira izininsa.

Ni ina amfani da layukan filin ƙwallon hannu ne a matsayin matakala. Ranar farko yaro ya ɗumama jiki da gudu har ya fara gumi, musamman lokacin hunturu da jiki ke sandarewa, sannan ya yi miƙa ƙwallo 20 zuwa 25 daga layin mita shida, da rabin ƙarfinsa, ƙafa a ƙasa. Gobe hutu. Jibi ya maimaita. Idan sau biyu ko uku sun wuce lafiya, sai a koma layin mita tara, daga nan mita 12, har zuwa 15 da 20, kullum ana tsallake rana ɗaya. Ana ƙara nisa kafin a ƙara ƙarfi. Sai ya kai nesa ba tare da zafi ba ake dawo da shi kusa a fara harbi a raga da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, kuma harbi da tsalle shi ne na ƙarshe. Idan ya ji zafi a lokacin jifa, a tsaya nan take, a huta kwana biyu, a koma matakin baya. Idan tsamin jiki ne kawai ya kwana har washegari, a ƙara masa rana ɗaya a maimaita matakin. Mai jifan mashi ya fara da ƙaramar ƙwallo mai sauƙi, sannan mashi daga tsaye, kafin a kai ga taku da gudu. Duk wannan yakan ci mako huɗu zuwa shida bayan hutun farko, kuma idan zafin ya dawo sau biyu a mataki ɗaya, a koma wurin likita.

A wannan lokaci ne ake gyara salon jifa, tun da ana yin sa a hankali. Ka tsaya a bayan yaron ka duba gwiwarsa: ta kasance daidai da kafaɗa ko sama kaɗan lokacin da hannu ke zuwa gaba. Gwiwar da ta faɗo ƙasa, jifa ya zama na gefe, ita ce babbar matsalar masu jifan mashi. Ka duba ko yana taka ƙafar da ke kishiyar hannun jifa zuwa gaba, ko ƙugu yana juyawa kafin kafaɗa, ko kuma yana barin hannun ya ƙarasa tafiyarsa zuwa ɗaya gefen maimakon ya tsayar da shi da ƙarfi.

Kariya: nauyin kayan wasa da lissafin jifa

Laifi mafi yawa a filayenmu shi ne ba yara ƙwallon manya, domin ita kaɗai ce makarantar ke da ita. Ƙwallon hannu lamba 3 ta maza manya ce, daga shekara 16, nauyinta giram 425 zuwa 475. Lamba 2, mai giram 325 zuwa 375, ta samari ce daga 12 zuwa 16 da mata daga 14. Lamba 1, mai giram 290 zuwa 330, ta ƙananan yara ce. Bayan nauyi, ƙwallon da ta fi ƙarfin tafin yaro tana tilasta masa matse yatsu fiye da ƙima, kuma tsokokin matsewar su ne ke jan tudun nan. Mashin maza manya giram 800 ne, na mata 600, amma ga ƴan ƙasa da shekara 18 na maza 700 ne, na mata 500. Idan za a sayi kaya da ɗan abin da ƙungiya ta tara, a fara da ƙwallon da ta dace kafin riguna.

Sai lissafi. A Amurka an fitar da ƙa'idar Pitch Smart ta masu jifan besbol a 2014, wadda ta iyakance ɗan shekara 11 zuwa 12 ga jifa 85 a rana, ɗan 13 zuwa 16 ga 95, kuma yaron da bai wuce 14 ba idan ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu. Ƙwallon besbol ba ta wuce kusan giram 145 ba, wato ƙwallon hannu lamba 2 ta ninka ta fiye da sau biyu, don haka darasin ake ɗauka, ba alƙaluman ba: a ƙirga harbi mai ƙarfi, a sa masa iyaka, a bi rana mai nauyi da rana marar jifa. Binciken da ASMI, cibiyar nazarin lafiyar ƴan wasa ta Birmingham a jihar Alabama ta Amurka, ta wallafa a 2006 ya nuna cewa matasan da suka saba jifa da gajiyayyen hannu sun ninka saura sau 36 wajen kaiwa ga tiyata. Saboda haka nake sa yaro ɗaya daga benci ya riƙa yin zane a littafi duk lokacin da wani ya yi harbi, kuma nake tambayar kowane ɗan wasa ko yana buga wa wata ƙungiyar unguwa bayan ta makaranta, domin gwanin yaro kowa na nemansa, kuma babu wanda ke haɗa jimillar.

A bar yara su huta da jifa na wata biyu zuwa uku a jere kowace shekara. Babban hutun damina ya zo daidai da wannan, muddin ba a cika shi da gasannin unguwa ba. A kuma sa ido ga yaron da wandonsa ya ɗage masa cikin ƴan watanni, domin lokacin da tsawo ke zuwa da sauri ƙashi yana riga tsoka, jan da ke kan matsirar ya ƙaru. Shekarun da ke takarda ba kullum suke faɗin inda ƙashin yaro ya kai ba, don haka a irin wannan lokaci nakan rage masa harbi ko da bai yi kuka ba.

Yaron da na fara da labarinsa ya dawo fili bayan wata uku. A wasansa na farko na sa shi rabin lokaci kawai, na ba wani bugun mita bakwai, kuma bayan an tashi na sa ya miƙe hannayensa biyu a gabana kafin ya tafi gida. Na sake duba su da safe a makaranta, na danna wurin, sannan na rubuta sunansa cikin ƴan atisayen Laraba mai zuwa.